Daga Girka Zuwa Arlit: Labarin Uranos, Abin Bautar Sama na Girkawan Dauri



Kwanakin baya wata uwa daga cikin masu halartar karatun mata ta kawo mana wata tambaya da 'yarta ta dawo da ita daga lakwal. An koya musu sunayen manyan taurarin da ke kewaya rana tare da wannan duniya tamu: Uɗarid, Zuhra, Mirrik, Mushtari, Zuhal, sa'annan Uranus da Nibtun. Yarinyar ta lura cewa biyar na farko sunaye ne na Larabci, biyun ƙarshe kuwa baƙi ne a kunnenta. Da ta tambayi malaminsu sai ya ce mata Uranus sunan abin bautar sama ne na mutanen Girka. Ta iso gida tana cewa: "Inna, ashe akwai wani mai sama daban?" Uwar ta ce ta yi a'uziyya, ta kwaɓe ta, amma ta kwana da sanin cewa kwaɓa kawai ta yi, amsa kam ba ta bayar ba.

Mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan tambaya, domin duk mai ɗa a makaranta zai gamu da irinta ko ba jima ko ba daɗe. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Bugu da ƙari, da muka bi sawun wannan suna sai muka tarar bai tsaya a littafin yara ba. Ya ratso ƙarnoni da tekuna har ya iso hanyar da da yawa daga cikinmu suka biyo kafin su shigo Tamanrasset.

Makiyayin da ya tsara labarin

Girkawan dauri, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, ba su da saukakken littafi, ba su kuma da wani manzo da suke dangana addininsu gare shi. Kowane gari da nasa wuraren yanka, da nasa bukukuwa, da yadda yake ba da labarin ababen bautarsa. Mawaƙa ne suka tattara waɗannan labarai suka yi musu tsari. Masanin tarihinsu Hirodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya faɗa da bakinsa cewa mawaƙa biyu, Homa da Hesiyod, su ne suka tsara wa Girkawa salsalar ababen bautarsu, suka raba musu laƙabi da ayyuka.

Hesiyod ya rayu kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a wani ƙauye mai suna Askira da ke tsakiyar ƙasar Girka. Mahaifinsa baƙo ne, ya yi ƙaura daga gaɓar ƙasar da ake kira Turkiyya a yau domin neman abinci, kamar dai yadda iyayen da yawa daga cikinmu suka yi. Shi kuwa ɗan kiwon tumaki yake yi a gindin dutsen Helikon. Waƙarsa da ta shafe mu ana kiranta Teyogoniya, wato haihuwar ababen bauta, kuma baitocinta sun ɗan haura dubu.

Akwai wani abu a farkon waƙar da ya kamata mai karatu ya riƙe. Hesiyod ya ce wasu 'yan mata na ɓoye, masu ba da baiwar waƙa, su suka same shi wurin kiwo suka koya masa, kuma tun kafin su fara suka sanar da shi cewa sun iya shirya ƙarya mai kama da gaskiya, sun kuma iya faɗin gaskiya idan sun ga dama. Duk wanda ya taso yana jin kakarsa tana rufe tatsuniya da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya, zai gane wannan salon.

Yadda suka ce duniya ta fara

A faɗar Hesiyod, abin da ya fara samuwa shi ne Kawos, wani wagegen rami marar iyaka. Bayansa sai Gaya, wato Ƙasa, sai Tartaros, kurkukun da ke can ƙarƙashin ƙasa, sai Eros, wato sha'awar da ke haɗa jinsi biyu. Daga Kawos aka sami Duhu da Dare, su kuma suka haifi Haske da Yini. Ita Ƙasa, ba tare da miji ba, ta haifi Uranos, wato Sama mai taurari, daidai faɗinta domin ya rufe ta ta ko'ina, ta kuma haifi duwatsu da teku.

A nan ne babban bambancin yake, kuma shi ya fi dacewa a nuna wa yaro. A wannan labari babu mahalicci. Babu wanda ya yi nufi, ya tsara, ya samar da abu daga babu. Kome haifarsa aka yi, kamar yadda akuya ke haihuwa a garke. Shi kansa Sama ɗa ne, yana da uwa, yana da ranar da babu shi. Nisan da ke tsakaninsa da ƙasa ma sun auna shi da ma'aunin maƙera: sun ce da za a sako uwar maƙera ta tagulla daga sama, sai ta yi kwana tara tana faɗowa, ta iso ƙasa a na goma, kuma haka za ta sake yi daga ƙasa zuwa Tartaros.

Daga nan labarin ya koma rikicin gida. Sama ya auri Ƙasa, suka haifi ƙatti goma sha biyu da ake kira Titan, shida maza shida mata. Cikinsu akwai Okeyanos, kogin da suka ce ya kewaye duniya, wanda daga sunansa Faransanci ya sami kalmar océan. Autansu shi ne Kuronos. Suka kuma haifi wasu ƙatti uku masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, da wasu uku masu hannu ɗari da kai hamsin kowanensu. Uranos ya tsani 'ya'yansa tun daga haihuwa. Duk wanda aka haifa sai ya danna shi cikin cikin uwar, ya hana shi ganin haske.

Da nauyi ya ishi Ƙasa sai ta ƙera wani babban lauje, ta tara 'ya'yanta ta nemi wanda zai rama mata. Duk suka yi shiru don tsoro, sai auta Kuronos ya amsa. Ya yi kwanto, da dare ya yi Sama ya sauko kan Ƙasa, sai ya sa lauje ya raba mahaifinsa da haihuwa har abada. Daga jinin da ya ɗiga a ƙasa aka sami aljanun ramuwar gayya, daga abin da ya faɗa teku kuma, cikin kumfa, aka sami Afrodayit, abar bautarsu ta soyayya. Masu nazari suna ganin wannan ita ce hanyar Girkawa ta amsa wata tsohuwar tambaya da al'ummu da yawa suka yi: me ya raba sama da ƙasa har aka sami sararin da mutum ke numfashi a cikinsa?

Alhaki kwikwiyo ne

Kuronos ya hau mulki, ya auri 'yar'uwarsa Reya. Amma an gaya masa cewa shi ma ɗansa ne zai tumɓuke shi. Don haka duk jaririn da Reya ta haifa sai ya haɗiye shi. Haka ya yi wa biyar: Hestiya, Demeta, Hera, Hedis da Fosaidon. Da cikin na shida ya tsufa, Reya ta gudu tsibirin Kirit ta haihu a ɓoye, aka ɓoye jaririn cikin kogon dutse, ta naɗe wani dutse a zanen goyo ta miƙa wa mijinta, ya haɗiye bai duba ba. Wannan jariri shi ne Zeyus.

Da Zeyus ya girma aka yi wa Kuronos dabara ya amayar da abin da ya haɗiye, dutsen ya fara fitowa, 'ya'yan suka biyo baya. Aka shiga yaƙi na shekara goma tsakanin tsofaffi da sababbi. Zeyus ya kwance ƙattin nan masu ido ɗaya suka ba shi aradu da tsawa, masu hannu ɗari kuma suka yi ta ruwan duwatsu, har aka ci Titan da yaƙi aka jefa su Tartaros. A ruwayar Homa, 'yan'uwa uku suka yi ƙuri'a: Zeyus ya sami sama, Fosaidon ya sami teku, Hedis ya sami ƙasar matattu. Shi ma Zeyus bai tsira daga tsoron gadon gidansu ba, domin da aka ce matarsa ta fari, Metis, za ta haifi ɗan da zai fi shi, sai ya haɗiye ta tun tana da ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wannan hira ce kawai ta bakin murhu. Wani marubuci matafiyi mai suna Fausaniyas, a ƙarni na 2 Miladiyya, ya ga wani dutse a wurin bautar Delfi wanda ake cewa shi ne Kuronos ya amayar, ana zuba masa mai kullum, ranar biki kuma a ɗora masa ulu.

Wanne ne mai saman a cikinsu?

Abin mamaki shi ne Uranos, wanda sunansa ke nufin sama a harshensu, kusan babu mai bauta masa. Ba a san shi da manyan ɗakunan bauta ko bukukuwa ba. Suna ne a salsala, kaka ne da aka ture tun da wuri. Wanda Girkawa suka ɗauka mai sama na haƙiƙa shi ne Zeyus. Shi suke roƙo ruwa a kan tsaunuka idan fari ya yi tsanani, a bakinsu ma idan ana ruwa cewa suke Zeyus ne ke zubarwa. Wasannin Olimfiya, waɗanda bisa lissafinsu aka fara a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), domin girmama shi ake yin su. Fadarsa kuwa sun ce tana kan dutsen Olimfus, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 2,900, wato kusan kai ɗaya da Tahat namu na nan Ahaggar.

Masana harsuna sun gano cewa sunan Zeyus ya girmi Girkanci. Ya fito ne daga wani tsohon tushe mai ma'anar sararin sama mai haske da rana tsaka. Daga tushen nan Rumawa suka sami Jufita, mutanen Indiya na dauri suka sami Diyaus, kuma kalmar Dieu ta Faransanci danginsu ce.

Shi kansa labarin uba da ɗa da jika ba a Girka ya fara ba. Tun daga shekarar 1906 aka fara tono dubban alluna na yumɓu a kufan Hattusa, babban birnin Hittiyawa, a tsakiyar Turkiyya ta yau. Cikinsu akwai wani labari da aka rubuta kimanin shekara 500 kafin Hesiyod, inda Kumarbi ya tumɓuke Anu, abin bautar sama, ya yi masa irin aika-aikar da Kuronos ya yi, daga baya shi ma abin bautar hadari ya tumɓuke shi. Ashe labarin ɗan kasuwa ne, ya bi ayari da jiragen ruwa daga gabas, kowace al'umma ta sa masa tata riga.

Girkawa sun leƙo hamadarmu

Cikin waɗanda suka sha kashi a yaƙin nan akwai Atlas, jikan Uranos. Hukuncinsa daban ne: an tsayar da shi a ƙarshen duniya ta yamma, ya tallafi sama da kansa da hannuwansa, ba hutu. Yammacin duniya a wurin Bagirke kuwa shi ne wannan yanki namu na arewacin Afirka. Shi ya sa har yau tsaunukan da suka ratsa Maroko da arewacin Aljeriya da Tunisiya ake kiransu Atlas, tekun da ke bayansu kuma Atlantika.

Girkawa sun zauna a gaɓar Libiya tun kimanin shekara ta 631 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), lokacin da suka kafa birnin Kirene, kuma daga bakin fatake suka ji labarin hamada. Hirodotus ya rubuta jerin zangon da ke cikin rairayi, kowane tafiyar kwana goma daga ɗan'uwansa, kowane da tudun gishiri da ruwa. Ya ambaci Siwa, inda Girkawa suka ce abin bautar wurin, Amon, shi ne Zeyus nasu. Ya ambaci Aujila, sa'annan Garamantawa na Fezzan. Gaba da su ya ce akwai wasu mutane da ke zagin rana idan ta take, saboda yadda take ƙona su da ƙasarsu. Wanda ya taɓa ratsa hanyar In Gezzam a tsakiyar bazara ba zai yi musu dariya ba. Gaba kuma ya ce akwai wani siririn dutse mai tsawon da gajimare ba ya barin kansa, wanda mutanen wurin ke kira ginshiƙin sama.

Akwai kuma wata haɗuwa da kowa zai iya gani da idonsa a daren hunturu. Wannan gungun ƙananan taurari da Larabawa ke kira Surayya, Girkawa sun ce 'ya'yan Atlas ne mata su bakwai, mafarauci Oriyon yana biye da su. Maƙwabtanmu Abzinawa suna kiransu Shat Ahad, 'yan matan dare, shi Oriyon kuma a wurinsu Amanar ne, wato jagora. Mu Hausawa kaza da 'ya'yanta muka gani. Taurarin dai su ne, kowa ya kalle su da idon gidansu.

Turawan mulkin mallaka ma sun zo da tatsuniyar Girka a aljihu. A 1919 marubucin Faransa Pierre Benoit ya fitar da wani ƙagaggen labari inda ya ɗauko Atlantis, tsibirin da Aflaɗon ya ce teku ta haɗiye, ya dasa shi a tsaunukan Ahaggar, ya naɗa masa sarauniya. A 1925 aka tone kabarin da ake dangantawa da Tin Hinan a Abalessa, yamma da Tamanrasset, aka kai abin da aka samu gidan tarihi na Bardo a Aljer. Jaridun lokacin sun yi ta cakuɗa kakar Kel Ahaggar da sarauniyar littafin. Wannan darasi ne: wanda bai san tatsuniyar baƙo ba, ba zai gane ranar da aka shafa ta a kan tarihinsa ba.

Masu hankalinsu ma sun ƙi

Ba sai da wani ya zo daga waje ba kafin a soki waɗannan labarai. Zenofanis, wanda aka haifa kimanin shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa ababen bauta duk abin da yake abin kunya a tsakanin mutane, kamar sata da zina da yaudara. Ya lura cewa kowace al'umma tana suranta abin bautarta da kamanninta, baƙaƙe su yi shi baƙi, jajaye su yi shi ja, har ya ce da dawaki suna da hannun zane da sun zana nasu da siffar doki. Shi a ganinsa akwai guda ɗaya mafi girma, wanda bai yi kama da mutum ba a jiki ko a tunani.

Aflaɗon, wanda ya rasu a shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya tafi kai tsaye ga abin da ya dami uwar da ta zo mana. A littafinsa na Jamhuriya ya ware labarin Uranos da Kuronos ya ce ƙarya ce mummuna, kuma ko da gaskiya ce bai kamata a riƙa ba wa ƙananan yara ita ba, don kada yaro ya tashi yana ganin cin mutuncin mahaifi koyi ne da manya. Anaksagoras kuwa cewa ya yi rana dutse ce mai ci da wuta, aka tuhume shi da saɓo, ya bar birnin Atina.

Magabatanmu sun san wannan rarrabewa. A zamanin Abbasiyawa, musamman lokacin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833), an fassara littattafan Girkawa na lissafi da likitanci da falaki a Bagadaza, irin na Iƙlidis da Jalinus da Baɗlimus, amma ba a damu da waƙoƙin ababen bautarsu ba. A 964 Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafinsa na taurari, ya jera surorin Girkawa gefe da gefe da sunayen Larabawa. Al-Biruni, a littafinsa kan Indiya, ya kawo maganar Zeyus yana kwatanta aƙidun Girkawa da na Indiyawa. Sun karanta, sun auna, sun ɗauki hatsi sun bar ƙaiƙayi, kuma imaninsu bai girgiza ba.

Yadda sunan ya iso gare mu

Yanzu sai mu koma ga tambayar yarinyar. Taurari biyar masu sunan Larabci ido yana ganinsu, don haka kowace al'umma ta daɗe da raɗa musu suna. Na shidan sai ranar 13 ga Maris, 1781, William Herschel, wani makaɗi ɗan asalin Jamus da ke zaune a garin Bath na Ingila, ya hango shi da madubin hangen nesa da ya ƙera da kansa. Ya so ya sa masa sunan Sarki Joji na Uku, amma masanin falaki Johann Bode na Balin ya kawo wata shawara. Turawa suna kiran Mushtari da sunan Jufita, wato Zeyus, suna kiran Zuhal da sunan Satan, wanda Rumawa suka daidaita da Kuronos. Tun da ɗa yana nan, uba yana bayansa, sai na bayansu ya zama kaka. Haka Uranus ya sami suna. Yana ɗaukar shekara 84 kafin ya kewaye rana sau ɗaya, kuma mai kaifin ido da ya san inda zai duba yana iya tsinkayarsa a dare mai duhu irin na Asekrem.

Bayan shekara takwas, a 1789, masanin haɗa sinadarai Martin Klaproth ya gano wani sabon ma'adini a Balin, ya sa masa suna uraniyom domin tunawa da sabon tauraron. Wannan kalma kuwa babu Bahaushen Tamanrasset da ke buƙatar a fassara masa ita. A 1971 aka fara haƙo uraniyom a Arlit, zangon da ke kan hanyarmu tsakanin Agadas da Asamaka. Garin kansa saboda ma'adinin aka kafa shi, kuma mutane da yawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram sun ci abinci a can kafin su ƙaro gaba. Ramin Akokan ya rufe a 2021. Kamfanin Faransa da ya daɗe yana aikin, Areva, ya canza suna a 2018 ya koma Orano, suna da aka ciro daga wannan tushe na Uranos da uraniyom. A 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin Somaïr na Arlit mallakar ƙasa.

Ta arewa da mu ma sunan ya bar tabo. A In Ekker, kimanin kilomita 150 daga Tamanrasset, Faransa ta yi gwajin bam na nukiliya sau 13 a cikin dutsen Tawrirt Tan Afella, daga Nuwamba 1961 zuwa Fabrairu 1966, wato tun kafin a fara haƙa a Arlit. Ranar 1 ga Mayu, 1962, toshiyar ramin ta fashe, gajimaren guba ya fito ya bi ta kan sojoji da ma'aikata da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo, iska kuma ta kwashe shi zuwa cikin hamada inda makiyaya suke. Bama-baman Faransa na farko da fulutoniyom aka yi su, sinadarin da ake samarwa daga uraniyom, wanda shi kuma ya ci sunan Fuluto, ɗaya sunan Hedis mai ƙasar matattu. Abin bautar da ko a garinsu ba a gina masa ɗaki ba, ga sunansa ya zo yana yawo tsakanin kudu da arewacin gidajenmu.

Me za mu ce wa yara?

Da farko, kada mu tsorata da tambaya. Yaron da ya lura cewa suna biyu sun bambanta da sauran biyar yaro ne mai basira, kuma idan aka rufe masa baki a gida zai nemi amsa a wayar hannu, inda babu mai tace masa. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, mu ba shi labarin yadda yake, gwargwadon shekarunsa, mu kira shi da sunansa: tatsuniyar mutanen da suka ga sama da tsawa da teku suka rasa mai yi musu bayani, sai suka auna su da gidan sarautar da suka sani, mai kishi da juyin mulki. Mu nuna masa cewa abin da aka haifa, yake tsoron ɗansa, aka kuma yi masa wayo da dutse a zanen goyo, shi kansa mabuƙaci ne. Yaro ɗan shekara goma yana iya kai wa ga wannan da kansa idan aka ba shi dama.

Na uku, mu koya masa cewa suna yana iya rayuwa bayan aƙidar da ta haife shi ta mutu. Mai cewa jeudi ba ya nufin Jufita, mai cewa watan Maris ba ya tuna abin bautar yaƙi na Rumawa, haka ma likita ko injiniyan da ke faɗin uraniyom.

Sa'annan mu fita da su waje. Allah Ya ba mu sama irin wadda mutanen manyan birane ke biyan kuɗi su zo kallo. A daren da babu wata, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a nuna musu kaza da 'ya'yanta, a gaya musu yadda Abzinawa da Larabawa da Girkawa suka kira ta. Daga nan a tuna musu ƙissar Annabi Ibrahim (A.S.) da ke cikin Suratul An'am, yadda ya dubi tauraro da wata da rana, ya ga kowanensu yana faɗuwa, ya juyar da fuskarsa ga Wanda Ya ƙagi sammai da ƙasa.

Mun mayar wa uwar nan da wannan bayani a taƙaice, ta ce za ta jira daren Juma'a, lokacin da babu lakwal washegari. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ƙara mana ilimi mai amfani.